Sandar da Kika Bari Bayan Buhun Masara

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin sauka Kafanchan lafiya, masaukin da suka ba ki ba ya yoyo, kuma ƙafar ba ta kumbura a hanya ba, ko da yake na san ko ta kai girman tulu ba za ki faɗa mini ba. Babanki yana gaishe ki. Allah ya tsare ki a baƙon wuri, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum.

Kada ki nemi labarin gida a cikin wannan takarda, babu. Tun da kika tafi na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a rumfa sai in ji kamar na bar wani abu a wuta a gida, in na koma gida sai in ji kamar ban kulle rumfa ba. Jiya da safe wata mata ta ce in auna mata manja, na cika mata leda da citta, tana kallona ina kallonta. Wannan takardar ma a kasuwa na fara ta, na ajiye, na sake ɗauka a gida, don haka in kin ga rubutun ya hau ya sauka ki yi haƙuri. Na zaɓi takarda ne don na san halinki a waya. "To Mama, to Mama, am fayin," da na ɗauko maganar da ba kya so sai natwok ya lalace. Takarda ba ta da natwok, sai ki karanta ta har ƙarshe.

Washegarin tafiyarki ina share ɗakin ajiya, na ja buhun masara, sai ga sandarki ta faɗo mini a kan ƙafa. Sandar da kika ce mini kin riga kin sa a but ɗin mota. Na tsaya da tsintsiya a hannu, sai a lokacin na gane abin da idona ya gani ranar. Kin fito daga ɗaki babu komai a hannunki, kin taka daga ƙofa har bakin titi, maƙwabta suna cewa, "Kai, Rifkatu ta warke sarai, Allah mun gode," kina yi musu murmushi. Na ga yadda kika cije leɓe da kika zo tsallake kwata, amma na ce wa zuciyata kukan rabuwa ne kike dannewa.

Ina wurin likita ya yi miki bayani, ba wani ne ya ba ni labari ba. Tun ranar da acaɓa ya kayar da ke a Kwangila aka sa miki ƙarfe a ƙwauri, ban taɓa fashin raka ki asibiti ba. Zuwanmu na ƙarshe ya karɓe sandunan hammata ya ba ki wannan guda ɗaya, ya ɗaga hoton ƙafar ya nuna mana, ya ce ƙashin ya fara kamawa amma bai gama ba. Ya ce in kika ɗora masa dukan nauyinki yanzu, ƙarfen yana iya lanƙwashewa, sai dai a sake yanka ki, ko kuma ki zauna da ɗingishi har tsufa. Kin ce masa kin ji. Ashe jin na kunne ne kawai.

Da na kira ki, kin tuna abin da kika ce mini? "Mama, ke ma ai ba kya riƙe sanda, ga shi kullum kina zuwa kasuwa." Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin tuwo, babanki ya cinye nasa ya jawo nawa. Amma haushin bai hana maganar zama gaskiya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba. To tun da da ni kika kafa hujja, zauna ki ji yadda aka yi na samu wannan tafiyar tawa da yaran layinmu suke kwaikwayo in na ba su baya. Kin taso kin gan ni da ɗingishi, an ce miki faɗuwa na yi a kasuwa, shi ke nan. Faɗuwar karaya kawai ta ba ni. Ɗingishin ni na jawo wa kaina daga baya.

Kina aji ɗaya na firamare a lokacin. Damina ce, na ɗauko jarkar manja a ka daga bakin mota zuwa rumfata a kasuwar Sabon Gari, na taka katakon da aka gitta a kan kwata, ashe ya sha ruwa ya yi santsi. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Ƙafar hagu ce, irin taki, har a nan ma ba ki bar ni ni kaɗai ba. Babanki ya ce asibiti, ni na ce a'a, don a lokacin duk layinmu na 'yan manja mun yarda cewa wanda ya shiga asibiti da karaya da ƙafa ɗaya yake fitowa. Aka kai ni wurin wani mai ɗori, mutumin kudu, can bayan kasuwa. Ya ja ƙafar har na kira sunan uwata da ta daɗe a kabari, ya jera karan ɗori ya ɗaure. Sannan ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa a gabana, ya ɗaure ta kamar yadda ya ɗaure tawa. Ya ce mini da Hausarsa ta kasuwa da ba ta raba mace da namiji, "Madam, ranar da kaza ya taka, kai ma ka taka."

Aka dawo da ni Samaru tare da kazar. Rifkatu, ban taɓa kula da wata halitta kamar yadda na kula da kazar nan ba. Ina kwance a tabarma a tsakar gida, ita tana kwance cikin kwando, ina watsa mata gero ina yi mata sannu. Ba a daɗe ba wata safiya ta fito daga kwandon tana tsince-tsince kamar ba ita ba. Ni ma na ce alkawari ya cika, na dafa bango na miƙe. Ihun da na yi sai da matan gidan baya suka bar wankinsu suka sheƙo. Ban tsaya na tambayi kaina ba, ina nauyin kaza ina nawa, kuma wace kaza ce take ɗaukar jarkar manja a ka? Kada ki yi mini dariya, ke ma kina da taki kazar. Kin ishe mu da labarin wani ɗan ajinku da ya karye ya koma buga ƙwallo kafin a gama zango. Ƙashinsa daban naki daban, ba ki ga hoton ƙafarsa ba, ba ki san abin da yake ji in ya koma ɗaki ba. Ki bar auna warkewarki da ta kowa. Wanda zai ce miki ajiye sanda shi ne wanda ya ɗaga hoton nan ya duba, kuma ya ce ki dawo ya sake dubawa.

Bayan wannan ihun ne babanki ya sari reshen gwaibar da ke tsakar gidanmu na da, ya fere ɓawon, ya goge shi da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul, ya yanko robar tsohuwar taya ya sa a gindin don kada ya zame. Kin san shi da aikin hannu, ba ya magana sai ya gama. Ya sa ni na tsaya, ya auna sandar daidai wuyan hannuna, ya rage tsawon. Sanda ce mai kyau, har mutane suna tambayar inda muka saya. Da ita na koma kasuwa tun lokacin komawa bai yi ba, don ina tsoron masu sayen manjana su saba da rumfar wata.

A nan na sake yin wani kuskuren, kuma shi nake tsoron ki maimaita ko da kin karɓi sandar. Ƙafar hagu ce ta karye, don haka a hannun dama ya kamata in riƙe, sanda da ƙafar ciwo su riƙa tafiya tare suna raba nauyin. Amma wace 'yar kasuwa ce za ta miƙa wa mutum kaya da hagu? Wa zai karɓi gaisuwar hagu? Tun muna yara aka koya mana hannun dama na mutane ne. Sai na mayar da sandar hagu, na bar dama don ciniki da gaisuwa, ina tafiya ina karkacewa kamar motar da aka loda wa kaya ɓangare guda. Wata nas da take sayen citta a wurina ta ce, "Maman Rifkatu, ba a wannan hannun ake riƙewa ba." Na ce mata citta ta zo saye ko koyarwa? Ba ta sake zuwa ba. Ciwon ƙugun da kike shafa mini man zafi a kai duk lokacin sanyi, daga nan ya samo asali.

Don haka ki riƙe ta a dama, ko da wa za ki haɗu. In za ki gaisa ko za ki karɓi abu, ki tsaya cak tukuna, ki mayar da ita hagu, ki yi abin da za ki yi da dama, ki dawo da ita, sannan ki ɗaga ƙafa. Ba wanda zai mutu don ya jira ki. Kuma aikin malamar gona da kika samu aikin shiga ƙauyuka ne, za a kai ki gaban dagatai da dattawa, na san ki, jikinki zai ba ki ki durƙusa har ƙasa don ni na koya miki. To ni da na koya miki na ɗage miki wannan dokar sai ƙafa ta warke. Ki ɗan russunar da kai ki ce, "Baba, a gafarce ni, ƙafa ce." Dattijon kirki zai sa a kawo miki kujera. Wanda ya ɓata rai kuwa, ba shi zai kwana da ƙafar ba.

Na tashi na leƙa tukunya na dawo. Ina ta zagaye-zagaye ne don abin da ke gaba shi ne mai nauyin, ko da babanki ba mu cika tayar da shi ba.

Shekarar nan da kaka ta yi, aka sa ranar godiya a coci. Kin san yadda ake yi, kowace ƙungiya ta taso daga baya da rawa, da abin da Allah ya ba ta, masu masara da masara, masu doya da doya, har gaban bagade. Mu matan zumunta mun ɗinka anko, an kawo tulunan kiɗa da caki, ni kuma na ware galan ɗaya na manja mai kyau. Maman Tabita, shugabarmu a lokacin, ta ce mini, "Maman Rifkatu, ki zauna a benci mu kai miki naki." Maganar alheri ce, amma ni kamar mari na ji ta. Ni da nake ja mana waƙa, ni za a bari a benci kamar baƙuwa? Na ce zan shiga layi ko da rarrafe ne.

Na shiga, wata ta ɗaukar mini manjan, ina dogara sandata a hankali. Da muka kai tsakiyar coci kiɗa ya yi zafi, na ja waƙa mata suka amsa, jikina ya ɗauka. Ban san lokacin da na ɗaga sandar sama da hannu biyu ba. Coci ya kaure da guɗa da halleluya, kowa ya miƙe tsaye, wata tsohuwa ta cire ɗankwalinta tana yi mini fifita. Na taka rawa da ƙafafuna biyu har gaba, na ajiye sandar a gaban bagade kusa da buhunan masara. Aka miƙo mini abin magana, na ce Allah ya warkar da ni, daga yau na rabu da sanda har abada. Ba ƙarya na shirya ba, Rifkatu, Allah shi ne shaida. A wannan lokacin ko allura aka soka mini ba zan ji ba.

Kafin mu isa gida ƙafar ta cika takalmi, sai da aka yanke maɗaurinsa. Babanki ya duba ya ce, "Bari in koma in karɓo miki sandarki." Na riƙe masa riga. Na ce, "In ka karɓo, me zan ce wa mutane? In ce Allah ya fasa?" Ya ce, "Ƙafarki ce," ya fita. Lahadin da ta biyo na tarar an rataye sandar a bango kusa da wurin mawaƙa, don duk wanda ya gani ya samu ƙarfin gwiwa. In baƙon mai wa'azi ya zo, a nuna masa ita, a nuna masa ni, in miƙe in ɗaga hannu. Mata suna zuwa har rumfata da 'ya'yansu marasa lafiya in yi musu addu'a. Ta ina zan fara cewa a ba ni sandata? Ba wanda ya hana ni, da na tambaya da a ranar an ba ni. Bakina ne ya ɗaure ni, kuma na kasa kwancewa.

Haka na ci gaba da tafiya a kan ƙashin da bai gama kamawa ba. Na koyi dafa bango kamar ina duba fenti, na koyi tsayawa a hanya in buɗe jaka kamar ina neman wani abu alhali hutawa nake yi. In za mu coci sai in ce ki matso kusa da ni, in ɗora hannu a kafaɗarki, mutane suna cewa dubi yadda take son 'yarta. Ina son ki, amma nauyina nake ɗora miki, kina 'yar ƙanƙanuwa, kuma ba ki taɓa cewa na danne ki ba. In na tuna wannan har yau kunyar kaina nake ji. Lokacin da azaba ta kai ni asibitin da na guje wa tun farko, likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashin ya riga ya kama a karkace, an makara. Masu guɗar nan kuwa ko ɗaya ba ta bi ni gida ta ga yadda nake jiƙa tsumma a ruwan zafi ina gasa ƙafa ba. Ban ga laifinsu ba, abin da na nuna musu shi suka yi wa guɗa.

Ki fahimce ni da kyau, ban ce Allah ba ya warkarwa ba. Yana warkarwa, a lokacin ma yana cikin warkar da ni a hankali, ta hanyar reshen gwaiba da robar taya, ni ce na ga kamar hanyar ba ta da armashi. Bai ce in ajiye sanda ba, ni na so a gan ni tsaye.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun da na ja buhun nan. Takun da kika yi daga ƙofa zuwa mota, maƙwabta suna sa albarka, shi ne nawa na tsakiyar coci, sai dai naki babu tulu. Kuma ranar Litinin za ki shiga ofis karo na farko. In kika shiga babu sanda, kina cije leɓe kina murmushi, kin ba da shaida ke nan, kin ce musu lafiyarki ƙalau. Ranar Talata ba za ki iya ɗaukarta ba, don za a ce me ya faru, ko ɓoye mana ta yi? Sai ki ce bari sai wani mako, wani mako ya zama wani wata, a tura ki gonar da ke kan tudu ki kasa cewa a'a. Na san hanyar nan, na bi ta har ƙarshenta. Amma in da sanda suka fara ganinki, shi ke nan, sabuwar malama mai sanda ce, su yi kallonsu na yini ɗaya su gaji. Ranar da likita ya sallame ki kuwa sai su taya ki murna.

Na san abin da kike tsoro, ba sai kin faɗa ba. Kin daɗe kina neman aikin nan, kin ga yadda 'yan ajinku suke zaune a gida da takardunsu, kuma an ce watannin farko na gwaji ne. Kina ganin in shugaban wurin ya ga malamar gona da sanda zai ce wannan ba za ta iya shiga gona ba, ya kira na bayanki. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba zai yiwu ba, ban san mutumin ba. Amma ki same shi tun ranar farko ki gaya masa da bakinki: na yi hatsari, an yi mini aiki, ina warkewa, likita ya ce na ɗan lokaci ne, ga abin da zan iya yanzu, ga wanda ba zan iya ba tukuna. Gara ya ji daga bakinki da safe, da a ɗauko masa ke daga gona a kafaɗa da yamma. In kuma duk da haka ya ce ba ya so, ki dawo gida, tuwo bai ƙare ba. Za ki yi kuka, ni ma in taya ki, sannan mu nemi wani. Kada garin neman gira ki rasa ido. Na tsufa a kasuwar Sabon Gari, babu layin da ban sani ba, daga 'yan gwanjo har 'yan kayan mota, ban taɓa ganin inda ake sayar da ƙafa ba.

Saura ƙananan abubuwa, ki yi haƙuri da su, uwa ce. In za ki hau matakala, lafiyayyar ƙafa ta fara hawa, in za ki sauka, sanda da mai ciwon su fara. Ƙasar can ba irin tamu ba ce, tudu da gangare ne da duwatsu, ga ruwa ba ya ɗaukewa da wuri, don haka ki riƙa soka sandar ki ji ƙasa kafin ki taka, laka tana da yaudara. Ki riƙa duba robar gindinta, in ta cinye ki canza, don a kan jiƙaƙƙen siminti sandar da robarta ta mutu ita za ta kayar da ke. Takalman nan masu tsini da kika cusa a ƙasan akwati, kina tsammani ban gani ba, su zauna a inda suke. Jaka ki rataya ta gitta ƙirji, hannu ya samu sarari. Acaɓa kuwa, in na ji kin hau, da kaina zan zo Kafanchan. In mota za ki shiga ki nemi gaba, ki ce wa yaron mota ƙafa gare ki, kada ki bari a cusa ki baya a ɗora miki buhu a gwiwa don kina jin nauyin magana.

Kuma in an ce miki sannu ki amsa. Ni a lokacina duk wanda ya ce mini sannu sai in ji kamar ya zage ni, in ce, "Sannu da me? Lafiyata ƙalau." Da bakin nan na kori masu tausayina ɗaya bayan ɗaya har aka daina tambayata, ni kuma na koma ina jin haushin ba a tambaya. In an ba ki kujera ki zauna, in wani ya ce kawo jakar ki ba shi, ki ce Allah ya yi albarka.

Yanzu saura abin da na yi jiya, don kada ki ji a bakin wani. Maganarki ta ƙi barina, ina wanke-wanke tana kunnena, ina auna manja tana kunnena. Da rana na rufe rumfa na hau mota na dawo Samaru, ban tsaya gida ba na wuce coci. Rabon da in ga sandar a bango tun da aka yi sabon fenti shekarun baya, ban kuma taɓa tambaya ba. Na samu Baba Ishaya mai kula da coci yana gyaran benci. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi gona, da ƙyar na ce, "Baba, akwai wata sanda da take rataye a can da." Ya ce, "Wace sanda?" Na ce ta gwaiba, wadda aka ajiye ranar godiya. Sai ya ce, "Oho, ina jin tana sito. Ta wace ce ma?"

Ta wace ce ma! Shekara da shekaru ina jan ƙafa a gaban mutanen nan don kada su ce na ƙaryata shaidata, ashe sun daɗe da mantawa, kowa yana fama da nasa ciwon. Muka shiga siton, muka ratsa karyayyun kujeru da tsofaffin ganguna, sai ga ta, da ita aka tokare taga don kada iska ta riƙa buga ta. Na ce, "Tawa ce, Baba." Ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙo mini, ya ce, "To ai gara, Maman Rifkatu, tafiyar nan taki tana ba ni tausayi." Ya nemi wani katako ya tokare tagarsa.

Na fito na riƙe ta a hannun dama. Na bi ta bakin kasuwar Samaru da rana tsaka, inda kowa ya san ni, ina waige-waige kamar wadda ta yi sata. Mai kifi ta ce sannu, na ce yawwa. Mai gyaran takalmi ko kai bai ɗaga ba. Kin san gindin mangwaron nan da kullum nake tsayawa in buɗe jaka? Sai da na kai ƙofar gida na tuna ban tsaya ba. Ɗingishin yana nan, ba inda za shi, wannan an gama. Amma ƙuguna bai yi mini irin kukan da ya saba ba, kuma na ji takaicin shekarun nan har hawaye ya zubo mini.

Babanki yana zaune a tsakar gida yana jin rediyo. Ya dubi sandar, ya dube ni. Na shirya jin "ai na faɗa miki", don yana da hakkin faɗa. Sai ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya gindinta sama, ya ce, "Robar ta mutu. Bari in nemo taya." Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin shi a waje yana yankan roba. Biyu yake yankawa, ya ce ɗaya taki ce, ki ajiye ko ta asibitin za ta cinye.

Gobe Asabar da safe zan je tasha in ba direban Kafanchan sandarki, da wannan takarda da robar a ɗaure a jikinta. Zai kira ki in ya isa, ki roƙi wani ya karɓo miki, kada ki taka zuwa tasha. Da sanda biyu zan shiga tashar, ɗaya a dama ina dogarawa, ɗaya a hagu a naɗe cikin buhu, duk mai kallo ya kalla. Jibi Lahadi kuma zan shiga coci da tawa, ba ta ƙofar gefe ba, ta tsakiya, ta inda na bi da rawa. Maman Tabita tana nan da ranta a bencin gaba, ta tsufa amma idonta bai tsufa ba. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Amma kin ce ni ma ba na riƙewa. To na riƙe. Hujjarki ta faɗi, sai ki nemi wata, kuma na san ba ki da ita.

Lahadi tawa ce, Litinin taki. In kin fito za ki ofis ki kira ni, ba don ki ce mini am fayin ba, wannan na ƙoshi da shi. Kada ma ki yi magana. Ki sauke wayar ƙasa-ƙasa ki yi tafiyarki, in ji saukar robar nan tare da ƙafarki, ni kuma daga rumfa zan buga tawa a siminti ki ji.

Allah ya sa ƙashin nan ya kama daram, ya miƙe. Allah ya ba ki farin jini a wurin aiki, ya sa shugabanki mai sauraro ne, ya tsare ki daga santsi da gangare da gaggawa irin ta uwarki. Ya dawo mana da ke kina takawa da ƙafafunki biyu a ranar da likita ya ce, ba ranar da masu guɗa suka ce ba. Amin.

Ni ce mamanki,
Saratu